Tabon Agogo

Ana gab da sa ranar auren Ruƙayyatu da Malam Hambali ne hannunta na hagu ya tashi da ƙuraje.

Da fari ba wani abin tayar da hankali ba ne. Ja-ja ne kawai ya zagaye wuyan hannun, daidai inda agogo yake zama, da 'yan ƙananan ƙuraje masu ruwa, sai ƙaiƙayi kamar ta kwana a masussuka.

Agogon kuwa Hambali ne ya kawo. Shi malamin firamare ne a Gwaram, kuma a shekarar ce aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya sa kowane malami ya sayi babur. Shi ma ya saya, ya zarce Kano ya haɗo mata toshi: agogon mata mai madaurin ƙarfe, da 'yan kunne da sarƙa, irin masu ƙyallin da suka cika kantuna tun da kuɗin fetur ya shigo ƙasa.

Ranar da kayan suka iso gidan mahaifinta Malam Ɗanladi a Kiyako, Inna Mairama, mahaifiyar Ruƙayyatu, ko taɓa su ba ta yi ba. Da gefen zane ta ture su.

"A kai akwati," ta ce. "Ban yarda ko ɗaya ya taɓa jikinki ba."

"Inna, kyauta ce fa."

"Na ji. A kai akwati."

Haka Inna Mairama take tun fil azal. Zare ta sa wa 'yarta a kunne tun tana jaririya, murjani a wuya, ƙarfen kanti kuwa ba ya shiga gidan. Ita kanta ba wanda ya taɓa ganin kunnenta, kullum kallabi a ja har ƙasa, ko da ana zafin da kaza take buɗe baki. In an tambaye ta dalili sai ta kawo zancen tuwo.

To, amma wace budurwa ce za a ba agogo daga hannun wanda take so, ta bar shi a ƙasan akwati? Ruƙayyatu ba waliyyiya ba ce. Da ta fita ƙofar gida sai ta ɗaura abinta, ta ja gyale ta rufe. Bazara ce, gumi yana bin madaurin. Da ƙurajen suka fito, maimakon ta cire, sai ta ƙara matse agogon a kansu don kada a gani. Nan ta jiƙa wa kanta aiki.

Wata Laraba da hantsi, Inna Mairama ta tafi gaisuwar mutuwa Surko, wata tsohuwa ta yi sallama wai ta zo sayen man gyaɗa. Sunanta Mero, daga Gwaram take. Ko yaro ya san ba a tasowa tun daga Gwaram don kwalbar mai. Hajiya Barira ce, wadda ta riƙe Hambali, ta aiko ta ta ga yarinyar da idonta, kamar yadda ake yi.

"'Yan mata, ko za a taimaka mini da ruwa?"

Ruƙayyatu ta durƙusa ta miƙa kwanon sha da hannu biyu. Gyale ya zame. Idon Mero ya sauka a kan hannun, inda fata ta yi baƙi ta yi kauri tana tsattsafo da ruwa ta ƙarƙashin madauri.

Mero ta kai kwanon bakinta, ta sauke. Ko leɓenta bai jiƙe ba.

"Allah ya yi albarka," ta ce, ta miƙe. Man gyaɗar ma a nan ta manta shi.

Kafin Juma'a magana ta riga ta gama zagaya garuruwan biyu. Ba wanda ya fito ya kira sunan ciwon, sai dai a rage murya a ce "babban ciwo", kowa kuma ya san kuturta ake nufi. Matan da suka saba sayen ƙuli-ƙuli a gidan suka koma wani gida. Kai, mutane! Jiya-jiya suke yabon ladabin yarinyar nan.

A cikin gidan kuwa kowa da wanda yake zargi.

Malam Ɗanladi agogon ya zarga. Da ma shi Iliyasu yake so ya ba, ɗan kwangilar da yake gina kwalbatoci a hanyar Birnin Kudu, mai mota da fara'a a gaban manya. "Wa ya san abin da malamin nan ya sa aka tofa a jikin ƙarfen?" in ji shi. "Yarinya ta ƙi kowa sai shi, kun ɗauka banza ne?"

Ƙawayen Ruƙayyatu Iliyasun suka zarga, suka ce jifa ne, don an hana shi. Abin da ya ƙara musu ƙarfi, ana cikin haka ya aiko wai shi yana nan a kan bakansa, ko da ciwon zai aure ta ya kai ta Kano magani. Wa ya gaya masa da wuri haka? Kuma me ya sa shi kaɗai bai ji tsoro ba?

Inna Mairama, da ta kama hannun 'yarta ta duba, ba ta yi faɗa ba. Ta ɓalle agogon da tsumma, ta zauna daɓas a bakin murhu, hawaye yana zuba.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Ba babban ciwo ba ne."

"Ke yaya kika sani?" in ji mijinta.

Ta tura itace cikin murhu.

"Tambayarki nake, Mairama. A ina kika taɓa ganin irinsa?"

Ta gyara kallabinta, ta tashi ta shiga ɗaki. Malam Ɗanladi ya bi bayanta da kallo. Ya san bazawara ya auro daga wajen wata gwaggonta a Birnin Kudu, amma ranar ce ya fara lura cewa bai taɓa jin ta ambaci garin da ta yi auren fari ba.

A Gwaram, Hajiya Barira ta kira Hambali ɗakinta ta sa ya tura ƙofa.

"Maganar Kiyako ta mutu."

"Hajiya, ƙurji ne fa kawai. Mero likita ce?"

"Ni za ka koya wa ƙurji?" Ta nuna hannun rigarsa da haɓa. "Tun kana ɗan ƙarami nake ɓoye naka. Wa ya hana ka ɗaura agogo? Wa yake shafa maka man shanu in ya tashi? Uwarka da shi ta tafi, Allah ya ji ƙanta. Addu'a ce ta danne naka, Hambali. Yanzu kuma ka kwaso mai irinsa ku haɗu, ku haifa mini me?"

"Ina son ta, Hajiya."

"Ni ma ina son ka, shi ya sa. In ka sake taka Kiyako ban yafe ba."

Ya fito ya ja mata ƙofa. Ba furucinta ne ya fi kada shi ba. Wani tunani ne da ya kwana biyu yana gudu, yau ta kamo shi ta ajiye masa a gaba: agogon nan ya yi mako a aljihunsa kafin ya kai, yana ciro shi yana shafawa yana murmushi shi kaɗai. In fa shi ne ya shafa mata?

Bai yi biyayya ba. Da la'asar washegari baburinsa ya tsaya a ƙofar gidan Malam Ɗanladi.

A zaure suka zauna kamar kullum, ita a bakin tabarma, shi a can gefe. Zauren nan ne iyakarsa a gidan. Duk zuwan da yake yi bai taɓa ganin fuskar Inna Mairama ba, ita ma ba ta taɓa ganin tasa ba. Kunyar surukai ce, kuma Inna Mairama ta riƙe ta da gaske. Daga bayan zana take amsa gaisuwarsa da "lafiya, madalla", ta wuce. Ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "baƙon Ruƙayya".

"Na ɗauka ba za ka zo ba, Malam," Ruƙayyatu ta ce, hannunta a naɗe cikin gyale. "An ce Hajiyarka ta sa an ƙona tabarmar da Mero ta zauna a kai."

"Ƙarya ake yi mata."

"Amma ta hana ka ni. Wannan ma ƙarya ce?"

Ya sunkuyar da kai. Ta fashe da kuka, irin mara sautin nan mai girgiza kafaɗa.

"Me na yi wa mutane? Ko kwanon da na sha ruwa ƙannen babana ba sa taɓawa. Baba yana cewa kai ka yi mini asiri. Ƙawayena suna cewa Iliyasu ne. Inna ta san wani abu ta ƙi faɗa. Ni yanzu ban san wa zan yarda da shi ba. Wallahi har kai, in na kwanta, sai in riƙa tambayar kaina."

"Tambayi, Ruƙayya. Ga ni."

Ta share ido ta dube shi sosai. "Kai da ka saya mini agogo, me ya sa naka kullum yana aljihu ɗaure da zare? Ka ce mini madaurin ne ya tsinke. Wata nawa ke nan? A duk Gwaram ba mai gyara?"

Hambali ya matso kaɗan. Sannan ya kwance maɓallin hannun rigarsa ya naɗe.

Tabo ne baƙi mai kauri, ya zagaye wuyan hannunsa. Tsoho ne, ya bushe, amma ko makaho ya shafa ya san ɗan'uwan nata ne.

Ruƙayyatu ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Ka sani," ta ce a hankali. "Kana da shi, ka sani, ka kawo mini."

"Ban san yana kama wani ba, na rantse da Allah. Nawa sai na ɗaura ƙarfe yake tashi, in na cire ya kwanta. Ban taɓa..."

"Ka ɓoye mini."

"Na ɓoye. Tsoro na ji kada ki guje ni." Ya dubi hannunta. "In ni na sa miki, Ruƙayya, ba zan yafe wa kaina ba har in mutu. Amma ni na gaji da raɗe-raɗi. Mu je babban asibitin Birnin Kudu, ni da ke da Baba, a duba mu gaba ɗaya. In shi ne, ni zan tsaya a kasuwar Kiyako in faɗa wa kowa daga wajena ya fito."

"In kuma ba shi ba ne?"

"To ba mai raba ni da ke. Ko Hajiya."

Ta daɗe tana kallon tabonsa. Haushinsa take ji har wuya, kuma tausayinsa ya fi haushin. Ta ce, "Sai ka shawo kan Baba."

Malam Ɗanladi ya yarda, ba don komai ba sai don yana so a kama Hambali a gaban hukuma.

Likitan da suka samu matashi ne ɗan ƙasa, mai yawan raha. Ya sa Ruƙayyatu ta rufe ido, ya riƙa taɓa wurin da auduga.

"Kin ji?"

"Na ji."

"Nan fa?"

"Na ji. Ƙaiƙayi ma yake yi."

"Madalla da ƙaiƙayi. Tabon kuturta ba ya jin taɓi, Baba, shi ne babbar alamarsa. Wannan kuwa ji ne ya yi masa yawa."

Ya yi wa Hambali haka. Sannan ya karɓi 'yan kunnen toshin, ya manna wa kowannensu ɗaya a dantse da filasta, ya ce su dawo jibi kada su jiƙa wurin. Da suka dawo ya ɓare. Ƙarƙashin kowane ɗan kunne fata ta yi ja ta kumbura, da 'yan ƙuraje, nata da nasa kamar an auna.

"Kun gani?" in ji likita. "Akwai wani ƙarfe da ake gauraya wa irin waɗannan kayan don su yi ƙyalli. Jikin kowa yana da masu gadi da suke korar cuta. Na yawancin mutane in sun ga ƙarfen nan ba ruwansu. Na wasu kuwa sun cika zargi, sai su ɗauke shi ɓarawo su far masa, fatar mai gida ce take shan dukan. Ba asiri, ba jifa, kuma ba ya kama wani ko kwano ɗaya kuke ci. Magani shi ne a rabu da ƙarfen, ga man shafawa."

Hambali ya rufe fuska da tafin hannu. Kuka yake yi a gaban surukinsa, ko kunya babu.

"To me ya sa su," Malam Ɗanladi ya tambaya, har yanzu bai saki ba, "ban da ni, ban da kai?"

"Irin wannan fata mai saurin fushi takan bi jini. Ba dole ba ne ɗa ya gada, amma sau da yawa in ka bincika sai ka samu uwa ko uba ko kaka suna da ita." Ya dubi su biyun yana dariya. "Auren zumunci za a yi ne?"

"Ko kusa," in ji Malam Ɗanladi. "Mu Kiyako, su Gwaram."

"To sun dace. Mahaifiyarta fa, tana sa 'yan kunne?"

Malam Ɗanladi ya miƙe ya ce su tafi. Duk hanyar komawa gida tunanin kallabin matarsa yake yi.

Ruƙayyatu kuwa ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Suna isa ta faɗa cikin gida da gudu tana kiran Inna, ta baro mazan a zaure. Rana tana tsaka, Inna Mairama tana tuyar ƙuli-ƙuli.

"Inna, ba shi ba ne! Likita ya ce ƙarfe ne kawai. Zo ki ji daga bakin Malam, don Allah, ko daga bayan zana ne."

Ta janyo ta har bakin zanar da ta raba zaure da tsakar gida. Hambali ya durƙusa ta ɗaya gefen ya gaishe ta, ta amsa da "lafiya, madalla" ɗinta. Murna ta sake masa baki, ya shiga zuba bayani: auduga, filasta, masu gadi.

"Ni ma haka nake, Inna, tun ina yaro. Kuma yau na gane an zalunci mahaifiyata. An ce ita ma haka kunnuwanta suka yi da ta sa 'yan kunnen aure, mutanen Sara suka ce babban ciwo ne, aka raba ta da ni ina nono. Ba ta daɗe ba ta rasu. Da akwai likita irin wannan a lokacin..."

Matsamin da yake hannun Inna Mairama ya faɗi ƙasa.

"A ina ka ce?" Muryarta ta fito wata iri. Wannan ne karo na farko da ta yi masa tambaya.

"Sara, Inna. Can aka haife ni. Da mahaifina ya rasu ne wansa Alhaji Haladu ya ɗauko ni ya kawo Gwaram, Hajiya Barira ta riƙe ni."

"Sunan mahaifin naka?"

"Malam Buba."

Zanar ta motsa, kamar an dafa ta don kada a faɗi. Ruƙayyatu ta dubi uwarta, murmushinta ya fara gushewa. Malam Ɗanladi ya miƙe tsaye a hankali.

"Hambali," Inna Mairama ta ce, ta kama sunan da bakinta. "Shi ne sunanka na yanka?"

"A'a, a makarantar allo aka laƙaba mini, don yawan gardama. Abubakar ne. An ce Abu mahaifiyata take kirana."

Sai ga Inna Mairama a cikin zaure, ba mayafi, hannu duk mai, a gaban surukin da ta shekara tana ɓuya masa. Hambali ya yi sauri ya sunkuyar da kai. Ta durƙusa ta kama hannunsa ta juya tabon, ta ɗago haɓarsa ta ƙura wa fuskarsa ido, tana bin ta kamar mai karatu.

"Mairama," in ji mijinta. "Mene ne haka?"

Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta kai hannu ta zame kallabinta. Kunnuwanta duka biyu baƙi ƙirin ne, sun yi kauri sun tattare, ramin hujin ya toshe da tsohon tabo.

"Na koma Sara sau biyu," ta ce, hawaye yana bin kumatunta. "A ƙofar gida suka tsayar da ni. Na biyun suka ce kyanda ta ɗauke ka."

"Inna," Ruƙayyatu ta ce, tana girgiza kai. "Inna, a'a. Likita ya ce ba komai. Ya ce mun dace. Ki tambayi Baba."

Inna Mairama ta miƙo ɗaya hannun ta kamo na 'yarta, mai sabon ciwo, ta ajiye shi kusa da na Hambali a kan cinyarta. Ta daɗe tana kallonsu.

"Ruƙayya," ta ce, "gai da yayanki."